Direban Masu Kallon Kufai

"Ba ni ba shi ke, Lailatu. Ki yi kuka yau, ki ƙara gobe, magana tana nan inda na aje ta."

Malam Sodangi ne ya faɗi haka, yana zaune a kan tabarma a tsakar gidan hayar da suke ciki a garin Isa. Bai ɗaga murya ba. Wannan ne ma ya fi tayar wa Lailatu da hankali, don ta san in mahaifinta ya yi magana a hankali, to ya riga ya gama shawara.

Tana durƙushe a gabansa, gefen mayafinta ya jiƙe. Ba yarinya ba ce, malama ce a makarantar firamare, ita ke tsawata wa aji guda su yi tsit. Amma a gabansa muryarta rawa take.

"Baba, mi ya yi? Ba shi shaye-shaye, ba shi wasa da salla. Kai da bakinka ka ce ka san ubanshi tun Tsamaye."

"Ubanshi na sani. Ɗan ne ban sani ba, sai ranar da ya buɗe baki."

Ta san ranar da yake nufi, don tana laɓe a bayan ƙofar zaure aka yi komai.

Hafizullahi, saurayin da take wa kukan, a Maraɗi ya girma wurin kawunsa. Can ya iya Faransanci, can ya iya tuƙi, daga nan Allah ya buɗa masa hanya ya wuce Faransa. Aikinsa shi ne ya ɗebi masu yawon buɗe ido a ƙaramar bas, su yi ta bin hanya daga tsohon gari zuwa tsohon gari, su kwana a ƙauyukan masunta na bakin teku. Hutu ya zo, da niyyar a tsayar da maganarsa da Lailatu kafin ya koma.

Ranar da ya zo gaida Malam Sodangi komai ya tafi daidai, har dariya aka yi. Sai tsautsayi ya sa ya ciro waya don ya nuna wa dattijon irin aikinsa. Ga garuruwa masu ganuwar dutse, ga jiragen kamun kifi jere a bakin ruwa. Malam Sodangi yana ta "Ikon Allah," har aka zo kan wani gini da babu rufi, Turawa tsaye a gabansa suna dariya.

"Wanga mi ya same shi?"

"Yaƙi ne, Baba. An ƙone shi, mutanen sunka watse."

"Su waɗanga masu dariya, jikokin masu gidan ne?"

"A'a, 'yan kallo ne. Biya suke a kai su. Ai Baba, ko Alƙalawa ɗin nan tamu, kufan tsohon birninmu, da za a gyara hanya a sa ƙofa, ni da kaina za ni kawo Turawa su yi ta ɗaukar hoto."

Malam Sodangi ya miƙa masa wayarsa, ya ce lokacin salla ya yi. Alhali rana ko tsaka ba ta kai ba.

Yanzu ga shi yana juya hularsa a hannu, ya ƙi kallon ɗiyarsa.

"Gidanmu ba mu kallon kufai, Lailatu. Kakana in hanya ta biyo da shi ta Alƙalawa, kawar da kai shike, ya yi addu'a ya wuce. Can anka kashe kakanninmu, can anka watsa mu. Ba wurin cin gyaɗa ba ne. Kuma ni yanzu ina da nawa kufan. Ko kin manta?"

Ina za ta manta? Tungar Marke, ƙauyensu da ke gaba da Tsamaye. Can aka haife ta, can aka binne mahaifiyarta Rahmatu, kafin 'yan bindiga su tashi garin kowa ya kama gabansa. Tun fitowarsu mahaifinta bai sake taka wurin ba. Manomin da ke cika rumbuna ya koma mai awon gero a kasuwar Isa.

"Wata rana kenan shi kawo mutane su tsaya gaban ɗakin uwarki suna dariya," in ji shi. "Da wannan abincin za ya ciyar da ke?"

"Kuskuren baki ne, Baba."

"Abin da ke cikinshi ne ya fito."

Sallamar Gwaggo Tasalla ce ta katse su. Yayar Malam Sodangi ce, ita ce kuma mahaifiyar Maliki, ɗan kasuwan da ke kai kaya Maraɗi da babbar motarsa, wanda ya daɗe yana son Lailatu. Ta dubi yarinyar ta taɓe baki.

"Har yanzu kukan direban Nasara ake? Ke ɗiyar nan, mutane su shiga mota ba kasuwa ba, ba biki ba, ba ta'aziyya ba, kawai su yi ta yawo suna leƙen gidajen matattu, ke kuma ki ce mai jan su za ki aura? Ga Maliki nan da ƙafafunshi a ƙasa."

"Ba ni tilasta mata kowa, Tasalla," in ji Malam Sodangi. "Amma in ta haƙura da wancan, ku zo mu yi magana."

"Ai ta haƙura," in ji Gwaggo. "Dubi idonta."

Lailatu ta share fuska ta miƙe. Ta juya ta nufi ciki. Amma tun kafin ta kai ƙofar ɗaki kukan ya tsaya mata cak.

Washegari da aka tashi makaranta ta tarar da Hafizullahi a gindin dalbejiyar bakin ƙofa, ya rame kamar wanda ya yi jinya.

"Laila, na yi magana da liman. Ya ce za ya je ya ba Baba haƙuri. In kuma aikin ne ba shi so, wallahi in bar shi. In koma wankin mota, in koma ɗaukar kaya."

"Liman ba ya zuwa. Aikinka kuma ba ka bari."

"To mi kike so in yi? Hutuna ya kusa ƙarewa."

"Ka iya tuƙi dai ko? Ko can ma a hoto kake yi?"

Ya dube ta, bai san ko ya yi dariya ba.

Ta ce, "Tun bara Baba ke neman wanda za ya kai shi Tungar Marke shi ga kabarin Inna. Direbobin tasha sun ƙi. Maliki kullum sai shi ce hanya ba ta yi ba tukun. Yanzu manoma na shiga da safe da rakiyar 'yan sa-kai, su fito kafin la'asar. Ka aro mota."

Hafizullahi ya zaro ido.

"Laila, kin san abin da kike faɗi? Innata in ta ji, sai ta ɗaure ni da igiya."

"Na sani. Ni ma tsoro nike ji. Amma ba ni da wata hanya, kuma ba ni auren Maliki. In ba ka iyawa ka faɗa min yanzu, ba ni ganin laifinka."

"In ya gan ni ya ƙi shiga fa?"

"Wannan nawa ne."

Ranar Asabar da sassafe Lailatu ta gaya wa mahaifinta an sami mota. Bai tambayi ta wa ba. Jikinsa na rawa ya saka babbar rigarsa, ya ɗauki adda da butar ruwa. Sai da ya fito ƙofar gida ya ga wanda ke tsaye jikin tsohuwar motar, sanye da farar shadda.

Ya tsaya. Ya juyo ya dubi ɗiyarsa.

"Ni za ki yi ma dabara?"

"Ba dabara ba ce, Baba. Direba ka nema, ga direba. Ba sai ka yi mishi magana ba."

"Ina kwana, Baba," in ji Hafizullahi, yana durƙushe.

Malam Sodangi ya kawar da kai. Ya daɗe tsaye, yana duban motar, yana duban addar hannunsa. Can ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Lailatu ta zagaya ta buɗe ɗayar.

"Ke ina za ki? Fita! Ba ni kai ki dajin nan."

"Gidanmu ne, Baba. Uwata ce."

"Lailatu, in wani abu ya same ki..."

"To ya same mu tare."

Ta ja ƙofa ta rufe, ta ɗora hannuwa a cinya. Ya yi ta faɗa ƙasa-ƙasa, ya kira ta mai taurin kai, ya ce halin uwarta ne ta kwaso kaf. Ba ta motsa ba. Daga ƙarshe ya ce wa bayan kan direban, "To ja mu, tunda kun haɗa baki."

Sun bar Isa suka kama hanyar Sabon Birni. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, dawa ta yi duhu a gonakin bakin hanya. Wasu gonakin kuwa ciyawa ce kawai, babu wanda ya taɓa su bana. Hafizullahi yana kauce wa ramuka a natse, babu mai magana.

Malam Sodangi ne ya gaji da shirun.

"To direban Turawa, ba ka yi muna bayani? An ce kana ja kana surutu. Ko sai mun biya?"

Lailatu ta ga kunnen Hafizullahi ya yi zufa.

"Baba, nan kai za ka yi min bayani."

"A'a. Ba mu labarin can. Mi suke nema takamaimai?"

Hafizullahi ya gyara murya. Ya ce da safe yake ɗebo su, yawanci tsofaffi ne da suka aje aiki. Hanya ta bi gefen teku, ruwa a hannun dama har iyakar gani. Sai a shiga gari mai lunguna ƙanana, duk an shimfiɗa dutse, motar ma ba ta wucewa sai a sauka a taka. Akwai wani gari San Malo, da yaƙi ya rushe shi, masu shi suka dawo suka sake ɗora duwatsun. Da rana a sauka ƙauyen masunta, inda ruwa ke janyewa ya bar jirage kwance a kan laka kamar shanu a makwanta, da yamma ya dawo ya ɗaga su.

"Ruwa shi tafi shi dawo? Kullum?"

"Kullum, Baba."

"Ikon Allah." Sai kuma ya tuna fushi yake, ya haɗe rai. "To in sun gani sai mi?"

"Gaskiya, Baba, mafi yawansu ci suke, su ɗauki hoto, su yi ta tambayata ina ban-ɗaki."

Dariya ta kusa kufce wa Lailatu, ta danne da mayafi.

"Amma akwai wata tsohuwa," in ji Hafizullahi. "Ta roƙe ni in ratse da ita wani ƙauye da ba shi cikin tafiyar. Ta ce can anka haife ta. Munka je, inda ta ce gidansu yake an share, an yi wurin aje motoci. Ta tsaya tsakiyar fili tana juyawa. Sai ta ce in mayar da ita mota, sanyi take ji."

Malam Sodangi ya mayar da ido kan taga.

Da suka zo daidai mararrabar da ta nufi Alƙalawa, ya kawar da kai gefe, leɓunansa na motsi. Lailatu ta yi yadda ya yi. Hafizullahi ya rage gudu, ya kashe 'yar rediyon da ke ƙara ƙasa-ƙasa, bai kunna ba har suka wuce.

A Sabon Birni suka bi bayan motar manoma. Bayan Tsamaye kwalta ta ƙare, sai burji, sai hanyar shanu. 'Yan sa-kai suka tsaya da manoma a fadama, suka nuna musu gaba, suka ce kada su daɗe.

Tungar Marke ta yi tsit. Ko kukan kaza babu. Itacen marken da aka sa wa garin sunansa yana nan tsaye, amma rumfar da ke gindinsa ta faɗi. Hafizullahi bai kashe mota ba sai da ya juya ta, hancinta ya dubi hanyar da suka fito.

Lailatu ba ta gane gidansu ba sai da mahaifinta ya tsaya. Zauren ya zube gefe guda. Rumbunan sun ƙone, sun bar baƙin da'ira a ƙasa. Kabewa ta haye katangar ɗakin Inna, ta yi 'ya'ya manya babu mai tsinka.

Malam Sodangi ya dafa bango. Bai shiga ba.

"Ke tsaya nan. Mata ba su shiga maƙabarta." Ya yi taku kaɗan, ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba. "Kai, ciyawar ta fi ƙarfina ni kaɗai."

Hafizullahi ya bi shi da sauri, ya karɓi addar.

Maƙabartar tana bayan gari, ana hango ta daga ƙofar gidan. Lailatu tana ganin bayansu, ba ta jin abin da suke faɗi. Ciyawa ta kai musu ƙirji. Ta ga mahaifinta ya nufi gabas, ya dawo, ya nufi kudu, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ta gane ya ɓata. Da guntun turmin Inna ya yi wa kabarin alama, amma damina bayan damina ta bi ta kai.

Ta ga farar shaddar nan ta sunkuya, ta tashi, ta sunkuya. Yana sara yana jan ciyawa, dattijon na nuna masa da hannu. Suka share nan, babu. Suka koma can.

Ta kasa tsayuwa haka. Ta karyo reshen sabara ta shiga share tsakar gidan. Ba ta san amfanin sharar ba. Ta share gaban murhu, ta share ƙofar ɗakin Inna, hawaye na zuba tana sharewa da bayan hannu.

Da ta sake leƙawa, ta ga mahaifinta a tsugune, ya ɗaga hannuwa. Hafizullahi na tsugune a bayansa. Sun samu.

Bayan addu'a sai ta ga Hafizullahi ya nufi wata farar ƙaya yana sara. Dabbobi sun fara tona gefen kabarin, dole a lulluɓe shi da ƙaya kamar yadda ake yi. Yana jawo rassan da hannu, suna kama masa riga, yana fizgewa.

A lokacin ne ta ji ƙarar.

Babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Daga arewa, ta cikin daji.

Reshen sabara ya faɗi daga hannunta. Duk wanda ya fito daga ƙauyukan nan ya san wannan ƙarar. Da ita aka tashe su.

Ta ga Hafizullahi ya yar da adda ya zuba da gudu. Ba wurin mahaifinta ba, wurin mota. Ta ce a ranta, shi kenan, ya bar mu.

Motar ta tashi, ta yi tsalle ta kan kunyoyin tsohuwar gona, ta tsaya a gabanta ƙofa a buɗe.

"Shiga, Laila! Kwanta ƙasa!"

Ta faɗa ciki. Maimakon ya bi hanya, sai ya karya kan motar ya nufi maƙabarta, ciyawa na dukan gilashi. Malam Sodangi yana tsaye a bakin kabarin yana kaɗa musu hannu da ƙarfi.

"Tafi da ita! Kai, tafi da ita na ce! Ni tsoho ne, mi za su yi da ni?"

"Ba mu tafiya, Baba!" Lailatu ta ɗago tana ihu.

"Hafizu, kar ka saurare ta! Ja motar!"

Hafizullahi ya fito ya bar injin na aiki. Ya kama dattijon ta kafaɗa.

"Baba, ka yi min duk hukuncin da kake so in mun isa gida. Amma mutum biyu na kawo, biyu za ni mayar."

Ya ɗaga shi cak kamar yaro ya tura shi mota. Kafin ya zagayo, baburan sun fito fili.

'Yan sa-kai ne. Waɗansu ne daban da suka zagayo ta arewa suna duba daji. Na gabansu ya ɗaga hannu ya yi sallama, ya ce su yi haramar fita, rana ta fara juyawa.

Lailatu ta kifa kai a kan kujera. Malam Sodangi yana ta maimaita sunan Allah. Da numfashinsa ya dawo, ya buɗe ƙofa.

"Ba a gama rufe ta ba."

"Zauna, Baba," in ji Hafizullahi. "Ƙafarka rawa take. Ni za ni ƙarasa."

Ya koma ya ɗauki adda. Suna zaune su biyu suna kallonsa yana jan ƙaya, yana jerawa, yana dannawa da ƙafa. Da ya dawo, shaddar ta yage a hannu da ƙirji, ta yi kore ta yi ja. Tafin hannunsa duk jini. Malam Sodangi ya fito da butarsa zai zuba masa ruwa, sai ya ga ruwan ya ƙare a kan kabari.

Da za su tashi, dattijon ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

Sai da tayar mota ta hau kwalta Malam Sodangi ya yi ajiyar zuciya.

"Aikinka har yanzu ban son shi."

"Na sani, Baba."

"Kuma kar in sake jin Alƙalawa a bakinka da maganar ƙofa."

"Ba ka sake ji."

Malam Sodangi ya juya yana duban gonaki. Da ya sake magana, muryarsa ta dushe.

"Ba kufan kaɗai ba ne, Lailatu. Na rasa gari, na rasa uwarki. Sai ga wani ya zo da hoton ruwan da ba shi da iyaka, ya ce can za ya kai min ke. In kin yi ciwo wa za ya faɗa min? In na mutu, kafin ki iso an binne."

"Baba..." Kuka ya ci ƙarfinta. Ta dafa bayan kujerarsa. "Ko ina nike ni ɗiyarka ce. Amma kar ka ce in zauna da wanda ba ni so don in kasance kusa. Kullum za ka gan ni, kullum ranka za ya ɓaci."

"Na sani. Ai ni na haife ki." Ya share ido da hannun riga. "Ɗazu da na ji baburan nan, ban yi tunanin komai ba sai wa za ni danƙa ma ke. Kuma da na dube shi, ban ji shakka ba. Wannan ne ya dame ni tun daga can."

Hafizullahi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya. Lailatu ta ga wani abu na gangaro masa a kumatu, bai share ba.

La'asar ta yi sanyi suka shigo Isa. Tun daga bakin layi Lailatu ta hango babbar motar Maliki a ƙofar gidansu. Takalman maza jere a bakin zaure. Wata mata tana shiga da ƙwaryar goro a ka, an lulluɓe da farin ƙyalle. Daga cikin gida muryar Gwaggo Tasalla ke tashi, tana rangaɗa guɗa.

Hafizullahi ya taka birki. Babu wanda ya fita.

"Ni na ba Tasalla fuska," in ji Malam Sodangi a hankali. "Ta tara min dattawan dangi kaf. Ita ta goye ni, Lailatu. Ban taɓa ce mata a'a ba tunda nike."

Lailatu ta gyara mayafinta, ta kama hannun ƙofa.

"To ni za ni shiga in faɗa musu da bakina."

"Zauna. Ke ba ki shiga zauren maza kina da uba."

Ya daɗe yana duban takalman nan. Sai ya gyara zaman hularsa, ya buɗe ƙofa ya sauka, ya sunkuyo ta taga.

"Kashe motar ka fito."

Hafizullahi ya dubi rigarsa. "Baba, bari in je in sake kaya, in wanke hannu."

"Haka nike son su gan ka. Biyo ni."

Lailatu ta fito ta tsaya jikin motar. Tana kallo mahaifinta ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya kama Hafizullahi ta wuyan hannu, ya yi sallama da murya mai ƙarfi irin wadda rabonta da ji tun suna Tungar Marke. Suka sa kai za su shige.

Daidai nan Gwaggo Tasalla ta leƙo daga ƙofar cikin gida, hannu a kan hanci, ta ɗauko wata sabuwar guɗa. Idonta ya sauka a kan yagaggiyar shadda, da hannun ƙaninta da ke riƙe da mai ita.

Guɗar ta yanke a tsakiya.

Lailatu ta ɗaga kai, ta taka ta nufi ƙofar. Da ta zo daidai Gwaggo ta rusuna yadda ya kamata.

"Ina wuni, Gwaggo. Mun dawo daga wurin Inna."